Babi na Huɗu: Kuɗin Sabulu

Ranar Lahadi kasuwar Filinge take ci. Wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin gari, ta inda amalanken jakuna ke shigowa daga ƙauyukan Kurfai, zai ga abin da 'yan cikin kasuwa ba sa gani. Mata sun taso tun asuba, sun sha ƙurar Dallol Boso har gashin ido ya yi fari, amma ba sa faɗawa kasuwa kai tsaye. Sai sun raɓe a gindin wani gawo tukuna. Wannan ta kwance bakin zane ta fiddo ɗan madubin da bai kai tafin hannu ba, waccan ta tsiyayi ruwa a buta ta wanke fuska, tandun kwalli yana yawo daga hannu zuwa hannu. Duka-duka abin bai wuce minti biyar ba. Daga nan a gyara ɗaurin kallabi, a ɗauki kaya, a shiga.

Goggona tana cikin masu tsayawa a gindin gawon nan. Cuku take sarowa daga wajen matan Tukunus, garin da tashar kiwon shanun Azawak take, arewa da Filinge kaɗan, ta kawo kasuwa. Ina yarinya ni ke riƙe mata madubi, kuma tsayuwar tana ba ni haushi, don ina ganin wasu sun riga mu kama wuri mai inuwa. Wata rana na ce, "Goggo, wa zai tsaya kallon idonki? Cuku aka zo saye."

Ba ta ko ɗago ba, tana jan kwalli a ido na biyu. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mai saye fuska yake fara tayawa kafin ya taya kaya. In ya ga ido a bushe, leɓe a tsage, ya san yunwa ce ta koro ki daga gida, ko nawa ya miƙo za ki karɓa."

Na yi shekaru kafin na gane darasin ciniki ta ba ni ran nan. A ƙasar da damina ɗaya ke yanke wa gida hukuncin shekara, inda maza da yawa ke tafiya cin rani Abijan, Akara ko Kwatano su bar mata da riƙon gida, babban abin da mai sayarwa take ɓoyewa shi ne matsuwarta. Kwallin dala biyu yana gaya wa mai saye cewa matar nan tana iya maida kayanta gida in farashi bai yi mata ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, wannan tsakaninta da Allah. Kuma ba mai saye kaɗai saƙon ke isa ba. Ita ma da ta ga fuskarta a madubi, muryar da za ta ce "albarka" da ita ta ɗan ƙara nauyi.

Bahaushe ya daɗe da shigar da ado cikin lissafi. In gwamnati ta kashe kuɗi a kan rijiya, ko uba ya kashe a kan karatun ɗa, tambayar da ake yi ita ce ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Maza sun karɓe maganar sun kai ta majalisa da gidan rediyo har an manta daga ɗakin mace ta fito. Ni ina so in maida ta inda aka ɗauko ta, in yi tambayar da gaske: tana biya kuwa? Wa take biya, kuma da wane irin kuɗi?

Kalmar kwalliya kanta daga kwalli ta tsiro, wato duk adon jiki an raɗa masa sunan wannan baƙin garin da ake ja a ido. Masana harshe suna danganta kwalli da kuhul na Larabci, tozali kuwa da kalmar Buzaye, abin da ba zai ba ɗan Kurfai mamaki ba, tunda da Buzayen Imanan da na Tagazar muke cin kasuwa ɗaya. A faifan adon kakanninmu akwai lalle, akwai katambiri na zana fuska, akwai fure da goro na rina haƙora, akwai shuni da man shanu na kitso. Yau hoda ce da jan baki da jagira da gashin ido na kanti, suna zuwa daga Kano da Kwatano, su bi ta Yamai, su yi tafiyar kimanin kilomita 180 kafin su sauka a teburin ɗan koli a Filinge.

In ana neman shaidar cewa mutanenmu sun san alaƙar ado da halin zuciya, ba sai an je jami'a ba. A dubi takaba. Matar da mijinta ya rasu tana zama wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba tufafin ado. Shari'a ce ta ɗora haka, kuma ba a hana ta abinci ko magana ko aiki ba. Adon aka ɗauke, domin shi ne alamar cewa mace tana cikin harkar duniya. Na ga fitar Goggo daga takaba. An yi mata kitso, an ƙunsa mata lalle tun dare, da safe ƙanwarta ta miƙo tandu. Ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta buɗe. Mijinta bai dawo ba, bashin da ya bari ma yana nan, amma matar da ta fito tsakar gida ran nan tafiyarta daban da ta jiya, kuma Lahadin da ta biyo ta koma Tukunus sarin cuku.

Haka muke auna majinyaci ma. In an tambayi jikin wance aka ce "da sauƙi, yau har kwalli ta sa," kowa ya san an haye. Likitoci a wasu ƙasashe sun bi wannan hanya ta baya: maimakon su jira sauƙi ya kawo ado, sai suka gwada ko ado zai jawo sauƙi. Tun 1989 akwai wani shiri a Amurka mai suna Look Good Feel Better, wanda ke koya wa mata masu jinyar ciwon daji yadda za su zana girar da magani ya zubar, su gyara fatar da ya ɓata. Ba ya warkar da ciwon, ba wanda ya ce yana warkarwa. Yana dai sa mace ta yarda ta fito ta gaisa da baƙi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ne. A watan Afrilu na 1945 sojojin Ingila suka buɗe sansanin Bergen-Belsen a Jamus, suka tarar da dubban mutane sun zama ƙashi da fata, gawawwaki ko'ina. Ana cikin neman abinci da magani, sai ga kaya sun iso, a cikinsu har da jan baki mai yawa. Wani hafsan likitocin soja, Mervin Willett Gonin, ya rubuta cewa da farko abin ya ɓata masa rai, daga baya ya ga hikimarsa, don ya ga matan da ba su da ko rigar kirki sun shafa jan bakin, sun fara ɗaukar kansu mutane bayan an daɗe ana ƙirga su da lamba. Duk lokacin da na ga matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan iyakar Mali, suna zaune a Abala ko a gefen Filinge, da lalle a ƙafa, labarin nan nake tunawa. Akwai masu cewa, "Dubi waɗannan, wai gudun hijira suke, ga su da lalle." Mai faɗin haka bai taɓa rasa komai ba sai jikinsa.

To, me masu bincike suka gano da suka sa abin a ma'auni? A 2017 wasu malamai a jami'ar Kiyeti ta Italiya, Rocco Palumbo da abokan aikinsa, sun tara ɗalibai mata 186 suka raba su uku kafin wata jarrabawar gwaji. Kashi ɗaya suka yi kwalliya, kashi ɗaya suka saurari kiɗa mai daɗi, na uku aka ba su zanen fuska a takarda su shafa masa launi. Masu kwalliyar ne suka fi cin maki. Ba wai jan baki yana ƙara ƙwaƙwalwa ba. Wadda ta ji ta yi kyau hankalinta ya fi kwanciya, mai kwanciyar hankali kuwa ta fi tuna abin da ta karanta. Gwaji ɗaya ne, a kan 'yan jami'ar Turai, na ɗan lokaci kaɗan, don haka ba zan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya yi daidai da abin da na gani a gindin gawo.

Wani binciken kuma ya dubi idon mai kallo ne. A 2011 Nancy Etcoff ta jami'ar Harvard ta ɗauki hotunan mata 25, kowacce sau huɗu: fuska ba komai, ado kaɗan, ado na zuwa aiki, da caɓa ado irin na biki. Aka nuna wa mutane. Waɗanda suka yi wa hotunan kallo ɗaya, kamar ƙiftawar ido, sun ɗauki masu kwalliya a matsayin waɗanda suka fi iya aiki. Da aka bar mutane suka ƙare wa hotunan kallo, mai adon biki ta ci gaba da cin makin iya aiki amma ta yi asarar makin amana. A sani cewa kamfanin Procter & Gamble, mai sayar da kayan shafe-shafe, shi ya ba da kuɗin binciken, kuma mai tuwo ba ya kushe miyarsa. Duk da haka rabin ƙarshen nan Goggo ta riga su saninsa. Ba ta taɓa shiga kasuwa da adon biki ba. Ta ce mai cuku in ta cika kwalliya, sai a ce nonon ta sirka da ruwa.

Sai maganar albashi. Jaclyn Wong da Andrew Penner sun bi bayanan Amurkawa sama da 14,000, suka wallafa a 2016 cewa waɗanda ake ganin kyawawa ne suna samun kusan kashi 20 cikin 100 fiye da matsakaita, kuma a wajen mata yawancin wannan rata daga gyaran jiki take, ba daga halitta ba. Masu tallar hoda suna karanta wannan a matsayin albishir. Ni kuwa haraji na gani a ciki. Na yi aiki a wani ofis a Yamai inda duk ranar da na fito ba hoda sai shugabana ya tare ni da "Madam, ba ki da lafiya ne?" Lafiyata lau, yarinya ce ta hana ni barci. Abokin aikina namiji yana wanke fuska ya zura riga ya fito, ni sai na ƙara rabin awa da wani yanki na albashi kafin a yarda na zo aiki da niyya. A nan kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma ni ke sayen sabulun, ribar kuwa ta ofis ce.

Akwai wani gwaji da ya nuna inda abin ke juyewa. A 1998 Barbara Fredrickson da abokan aikinta a jami'ar Mishigan sun sa ɗalibai su gwada tufafi su kaɗai a gaban madubi, wasu rigar sanyi, wasu ɗan kamfan iyo, sannan aka ba su lissafi. Matan da ke sanye da kayan iyo sun fi faɗuwa. Mazan kuwa abin bai taɓa makinsu ba. Hankalin da ya tafi wajen "yaya ake ganina" ba ya nan lokacin da ake buƙatarsa a kan takarda. Bambancin ke nan tsakanin matar da ta ja kwalli ta tura madubi a bakin zane ta manta da fuskarta har la'asar, da wadda kowane minti goma sai ta kunna kyamarar waya ta duba ko hoda ta zube. Ta farko adon ya sallame ta ta kama aiki. Ta biyu aiki biyu take yi, ɗaya ba a biyanta.

Wannan ya kawo ni kan 'yan talla, inda lissafin ya fi fitowa fili kuma ya fi ɗaci. Kowace uwa da ke ɗora wa ɗiyarta tiren gyaɗa ko daron fura ta san wanda aka yi wa wanka da kwalliya ya fi saurin ƙarewa. Tsafta tana ciki, don ba mai son sayen abin ci a hannun ƙazama. Amma kada mu yaudari kanmu: a tasha da bakin shaguna ba tsafta kaɗai ake saye ba, kuma yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka zana wa gira don ciniki ya yi sauri tana koyon wani darasi game da darajarta wanda zai yi wuyar gogewa. Kuɗin da take kawowa na kayan ɗakinta ne, haka ake cewa. Lakwal ɗin da ta bari don tallar ba a cika sa shi a lissafi ba.

A wani gefen kuma ado shi ne jarin kansa. Mai kitso, mai zanen lalle, mai haɗa turaren wuta, da yarinyar da ta koyi kwalliyar amare a wayar yayanta ta fara karɓar jika biyu ko uku a kowane biki, duk da shi suke zuba adashi. Makon salla da daren 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 don a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa, masu lalle ba sa barci. Ko bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakokin Najeriya da Benin kaya suka yi tsada, ban ga an daina ba. An dai koma sayen kaɗan-kaɗan, mata uku su haɗa kuɗin hoda ɗaya.

Kada namiji ya karanta wannan yana murmushi kamar abin bai shafe shi ba. Dattijon da ke ja wa idonsa tozali ranar Juma'a yana cewa sunna ce, kuma sunna ce, amma ya san yadda farin idonsa ke fitowa a ƙarƙashin rawani. Samarin Woɗaɓe, waɗanda muke kira Bororo, su ke shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya a gerewal bayan damina, su baƙanta leɓe don haƙora su haska, 'yan mata su zaɓa. Ƙasar Kurfai ma tana da nata tarihin a kan yadda kama ke sauya mutum. A Shikal ne, a 1925, wata mata mai suna Shibo ta fara abin da aka sani da Hauka ko Babule, inda talakawa ke hawan iskoki masu siffar sojan Faransa da kumandan, suna fareti, suna bijire wa sarki Gado Namalaya, har kumandan Crocicchia ya sa aka kama su. Da abin ya bi 'yan cin rani zuwa Akara, Jean Rouch ya ɗauke su a fim a shekarun 1950 da hular Bature da bindigar katako. Masu abin sun ce iskoki ne, ni ba zan shiga wannan gardama ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne, manomin da ke sunkuyar da kai gaban ɗan sanda, in ya shiga kamar kumandan, kafaɗarsa miƙewa take yi.

Inda kwalliya ke cin uwar kuɗi har da riba shi ne man bilicin. Abin da ke cikin yawancinsu sanannu ne: haidirokwinon, magungunan kotizon masu ƙarfi, wani lokaci zaiba. Wata na farko fuska ta yi haske, yabo ya yi ta zuwa. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, kumatu su ƙone su yi baƙi a ranar Filinge da ba ta da tausayi, rauni ya ƙi warkewa. Kotizon na iya jawo hawan jini da ciwon suga, zaiba kuma ƙoda take ci. Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, kuma a 2023 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince, a taronsu na Janeba, a hana duk kayan shafa mai zaiba daga 2025. Amma doka a Janeba take, kwalba kuwa tana kan teburin ɗan koli. Ƙarfin zuciyar da mai ke bayarwa na haya ne: ranar da aka daina shafawa fata ta koma ta fi da duhu, sai mace ta kasa fita ko ƙofar gida. Laifin ba nata ita kaɗai ba ne. A tambayi samarin da in za su yaba budurwa, kalmar farko da ke fita bakinsu "fara ce."

Da a nan zan tsaya, da na yi wa kaina sauƙi: na da mai kyau, na yanzu mugu. Sai dai tandun Goggo ma yana da magana a kansa. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston suka sami dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa a ido ne, kuma da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton a 2012, har ta ambaci sunayen abin: tiro, tozali, kwalli. Wanda ya ji labarin yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. Ba ta fata take shiga sosai ba. Jariri ne ke murza ido ya kai hannu baki, ƙwaƙwalwarsa kuwa tana cikin tsiro, abin da dalma ta rage mata ba ya dawowa.

Na san wannan lokacin da na haifi 'yata ta fari, kuma Goggo ce ta zo zaman jego. Ranar suna da hantsi, an yi wa jaririya wanka an shafe ta da mai, sai na ga ta kwance bakin zane. Tandun nan ne dai, fatarsa ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa. Na riƙe mata hannu.

"Goggo, a bar mata idon haka."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Da me aka buɗe naki idon? Ko makancewa kika yi?"

Na yi mata bayanin dalma iya yadda zan iya, da Hausar da ba ta da lambobi. Ta yi shiru, tana kallon jaririyar. Mata sun fara cika tsakar gida, ana jin maroƙiya daga zaure. Can ta ce ita ba ta yarda da maganar likitocina ba, amma ɗiya tawa ce. Ta juyo da tandun wajena.

"To ke fa? Haka za ki fita gaban dangin miji, ido kamar na mai takaba? Matso nan."

Na matsa. Hannunta yana ɗan rawa yanzu, sai da ta tallafe haɓata da ɗayan, ta ce in dubi rufin ɗaki kada in ƙifta.